Saniyar da Ba Ta San Kaska Ba

Tela mutum ne mai tsaftar tsiya. Saniya ɗaya gare shi, amma kullum safe kafin ya buɗe shago sai ya bi ta kunne da hantsa da gindin wutsiya yana neman kaska. Tun tana 'yar maraƙa ba ta taɓa kwana da ko ɗaya ba. Shanun yayansa kuwa kaska har rataye take a wuyansu, kuma Tela bai taɓa gajiya da yi masa gori ba.

Da ruwan sama ya kayar da rumfar saniyar, dole ya kai ta garken Yaya kafin a gyara. Bayan ta dawo ba da jimawa ba ta daina tuƙa, jiki ya yi zafi, fitsarinta ya koma ja kamar shayin da ba madara.

Likitan dabbobi ya yi mata allura, ya ɗaga fatar idonta ya ga ta yi fari fat, ya girgiza kai. Ya ce kaska ce ta zuba mata cutar da ke fasa jini.

“To shanun Yaya fa, likita? Ga su can garau, ko tari ba sa yi!”

“Su tun suna maraƙa suka sha cizon, lokacin da jiki ke iya ɗauka. Taka da girmanta ta haɗu da ita.”

Tela ya rufe shago, ya tare a gindinta yana ɗura mata ruwa da kwalba, ɗinkin mutane na jibge a kan keke. Gwiwoyinsa suka yi tsami, idonsa ya yi zuru-zuru. Ranar da ta cika bai ko yi kuka ba, gajiya ta riga ta cinye kukan.

Ta bar maraƙa mace, 'yar wata uku, fes da ita. Ya daɗe zaune a kan bokiti yana kallonta, tsoro fal cikinsa, sannan ya miƙe da ƙyar ya kwance igiyarta, ya ja ta zuwa garken Yaya.

Yaya ya tarye shi a bakin garke, fuska ba walwala.

“In faɗa ka zo yi, ka bari sai gobe. Ni ma ban ji daɗi ba.”

Tela ya miƙa masa igiyar ba tare da ya ɗago kai ba.

“Ka sa ta cikin naka, Yaya. In na zo dubiya, kada ka bar ni na shiga, don hannuna ba zai ƙyale kaska a jikinta ba.”