Mai Rai Ba Ya Fita Raɗau

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina. A ƙauyenmu ba a cika yi wa baƙo zancen mutanen tsumma ba, kuma ni ba gwanar magana ba ce. Sumire, wadda abin ya faru da ita, ita ta ce in rubuta muddin ba zan ƙara gishiri ba.

Ƙauyen yana maƙale a jikin dutse, rana ba ta daɗewa a kansa. Duk wanda ya mutu, ko ya tafi birni bai dawo ba, sai Goggo Kinu ta karɓi tsofaffin kayansa, ta cusa musu tsumma da jarida, ta ɗinka fuska, ta zaunar da shi inda ya saba zama. Akwai su a rumfar jiran bas, akwai su a bakin gada, akwai aji guda cike da su a makarantar da aka rufe. Tuni sun fi masu numfashi yawa.

Da mahaifiyar Sumire ta rasu a sanyin bara, Goggo Kinu ta ɗinka ta da rigarta mai ruwan toka da ɗankwalin gona. Amma mijinta Tokuji ya hana a kai ta ko'ina. Ya zaunar da ita a ɗakin tsakiya kusa da murhu, ya ja ƙyauren katako ya rufe tagogi, domin a ƙarshen rayuwarta haske yana sa mata ciwon ido. Shi ma ya zauna gefenta. Tun yana fita duba gona, har ya daina. Dankalin da ya shuka ya nuna a ƙasa babu mai tonowa.

Noboru, yayan Sumire, yana aiki a birnin Osaka. Ya kira ta a waya wata ranar Lahadi.

"Ba ni Baba mu gaisa."

"Yana barci, Yaya."

"Wancan makon ma barci. Jariri ya koma? Ke kullum lafiya lau, lafiya lau, kamar aku. Na samo masa gurbi a gidan kula da tsofaffi nan kusa da ni. Kafin dusar ƙanƙara ta toshe hanya zan zo in ɗauke shi."

"Idan aka raba shi da gidan nan ba zai kai bazara ba."

"To nuna min lafiyar tasa. Ki ɗauko shi hoto ki wanko ki aiko min. In na gan shi garau na ƙyale ku."

Shi ya sa ranar hutunta daga rumfar busar da ganyen shayi Sumire ta shiga bas ɗin safe ta gangara gari, zuwa shagon Maruyama mai kayan hoto. Ta daɗe tsaye gaban akwatin gilashi tana murza bakin jakarta.

"Daga can sama kike, ko?" in ji Maruyama. "Yi magana mana, 'yan mata, in tabbatar ba Kinu ce ta ɗinko ki ba."

Sumire ta sunkuyar da kai. Ta ce kyamara take so, siririya, wadda za ta shige aljihun rigar aiki ba a gan ta ba, don babanta ba ya son ganin irin waɗannan abubuwa.

Ya fito da guda uku ya jera a kan ƙyalle. Ta farko ruwan hoda ce, tana ƙyalli kamar madubin kwalliya. "Wannan 'yan makaranta ke rububinta. A rana ba ta da na biyu. Da yamma ta yi kuwa, sai ki ga fuskar mutum kamar an watsa mata yashi." Ta biyu tana da dogon hanci mai fitowa. "Wannan za ta jawo miki biri daga kan wancan dutsen, amma aljihunki sai ya yage." Ta uku baƙa ce, ba ado, kaurinta bai wuce na ƙaramin littafi ba.

"A ɗaki mai duhu zan ɗauka," ta ce.

"Ai duka suna da fitilar walƙiya."

"Ba a kunna walƙiya a ɗakin. Idon mahaifiyata..."

Maruyama ya dube ta. Ya ture biyun gefe. "To baƙar ce taki. Idonta ya fi faɗi. Zo ki gani."

Ya kai ta ɗakin ajiya a bayan shago, ya ja labule. Hasken da ke ciki bai wuce wanda ke shigowa ta ƙasan ƙofa ba. A kan kanta akwai kyanwar roba irin ta masu shago, mai ɗaga hannu tana kiran ciniki. Ya ɗora kyamarar a kan kwali, ya nuna mata inda ake kashe walƙiya, da inda ake sa ta jira kaɗan ta ɗauka da kanta. Ta yi ɗan ƙara, hoto ya bayyana a gilashin bayanta. Kyanwar ta fito raɗau, har gashin bakinta, kamar da rana aka ɗauka. Hannun da take kaɗawa ne kawai ya zama hayaƙi.

"Kin ga?" in ji shi. "A duhu takan daɗe da ido buɗe tana tara haske. Duk abin da ya motsa a lokacin sai ya yi dishi-dishi. Kar ki riƙe ta a hannu, ki ɗora a kan wani abu. Kuma kar ki dawo kina min kuka wai fuskar babanki ba ta fito sosai ba. Ko ya ɗauke numfashi, jini yana tafiya, ido yana rawa. A irin wannan duhun mai rai ba ya fita raɗau. Wannan ba laifin kaya ba ne, ba na karɓar mayarwa."

Ya yi dariya, ita ma ta yi murmushi don kunya. Ta biya, ya saka mata batir da katin ajiyar hoto, ta zura ta a aljihu. Ko alamarta ba a gani.

Wajen ƙarfe uku ta isa gida, inuwar dutse ta riga ta rufe ƙauyen. Ta cire takalmi a zaure ta ce, "Na dawo." Babanta yana inda ta bar shi, a kan matashi, hannuwa a gwiwa. Miyar safe tana gabansa ta yi sanyi. Mahaifiyarta ta tsumma tana damansa, da idanunta na maɓalli da ɗan murmushin zare.

Sumire ta hura garwashi ta ɗora buta. Ta gyara masa wuyan riga, ta taje masa gashi da yatsu. Sannan ta ɗora kyamarar a kan akwatin kwanuka, ta danna, ta dawo da sauri ta durƙusa a hagunsa.

"Baba, kalli can."

Bai tambayi me zai kalla ba. Can ɗin yake kallo tun safe.

Ta ɗauko kyamarar ta duba, sai farin ciki ya kama ta. Ɗakin ya fito da haske mai ɗumi, kamar yadda yake a da. Babanta ya fito kyakkyawa, kowane layi na goshinsa a bayyane, har ɗan hasken garwashi a ƙwayar idonsa. Duk wanda ya ga wannan zai ce tsohon nan garau yake. Ita ce dai fuskarta ta yi hazo, tururin buta ma ya zama farin gajimare.

Sai maganar Maruyama ta faɗo mata.

Ta ƙara girman hoton, ta bi fuskar babanta a hankali tana neman inda ta yi rawa. Gira, leɓe, ƙirjin da ya kamata numfashi ya ɗaga. Babu. Ya fito daidai da ginshiƙin da ke bayansa. Ta matsa zuwa kan mahaifiyarta. Ɗankwalin mahaifiyarta raɗau, maɓallan ido raɗau, rigar toka raɗau. Hannunta na hagu, wanda ke kusa da babanta, shi ne ya zama hayaƙi.

Sumire ta ɗaga kai ta dubi ɗakin. Tagogi a rufe, iska ba ta shigowa. Hannun tsumman yana kan cinyar mai shi, inda Goggo Kinu ta ajiye shi tun bara.

Ta mayar da kyamarar kan akwati. Wannan karon ba ta shiga hoton ba, ta tsaya daga baya ta rufe ido har ta ji ƙarar. Da ta duba, komai ya fito tas, babu hayaƙi ko kaɗan. Hannun tsumman, mai sanye da farar safa, yana kan gwiwar babanta. Ta dubi ɗakin, can ɗin yake kuwa.

"Baba, kai ka ɗora hannun Inna a nan?"

"Kina tare mata ɗumi," ya ce a hankali. "Matsa."

Ta fita zaure don ta sha iska. A nan ta lura ƙusar da yake rataye rigarsa ta gona, shuɗiya mai facin fata a gwiwar hannu, babu komai a kanta. Rigar da ko wanki ba ya yarda a kai ta nesa. Ta saka takalmi ta nufi gidan Goggo Kinu, ta wuce masu jiran bas su biyar da ba sa shiga bas.

Tsohuwar tana zaune a baranda da allura a baki. A gefenta an jingina wani sabon mutum, sanye da shuɗiyar riga mai facin fata. Kansa farin ƙyalle ne sumul.

"Af, Sumire. Shigo mana, kin tsaya kamar ɗaya daga cikin nawa."

"Goggo, wa ya ba ki rigar nan?"

"Mai ita. Da ƙafarsa ya kawo, ranar Litinin kina wurin aiki. Ya ce in gama kafin sanyi, kar uwarki Fumie ta zauna ita kaɗai."

"Ya ji wayar da muka yi da Yaya ke nan."

"Wataƙila. Na tambaye shi, Tokuji, ina za ka? Osaka, ko maƙabartar bayan haikali wurin su kakanka? Ya ce duk wanda ya riga zuwa." Ta zare allurar daga baki. "Na yi jiki, na yi ƙafa. Fuska ce ban yi ba. Ban taɓa ɗinka fuskar wanda ke cin shinkafa a ƙauyen nan ba. Kullum sai in tambayi mai kawo wasiƙa ko har yanzu hayaƙi na tashi a gidanku."

Sumire ta durƙusa ta fara ɓalle maɓallan rigar. Goggo Kinu ba ta hana ta ba, sai ma ta ɗaga mata hannun mutumin don rigar ta fita da sauƙi.

"Ki yi hankali," ta ce. "Uwarki tun tana da rai ba ta son zuwa unguwa ita kaɗai."

A hanyar komawa Sumire ta sake kallon hoton farko. Idan ta aika wa Noboru, zai ce madalla, ya bar su. Amma ta san inda ta saba ganin hoto mai tsabta haka, mutum yana kallon gaba ba ya ƙiftawa. A saman bagaden gida ake rataye irinsa, hoton mamaci, da baƙin ƙyalle a kusurwa.

Washegari da sassafe, kafin rana ta leƙo ta kan dutse, ta shiga ɗakin tsakiya. Babanta ya riga ya zauna. Ta ajiye shuɗiyar rigar a cinyarsa. Ta bi tagogi tana tura ƙyauren katako ɗaya bayan ɗaya, suna kuka don daɗewa. Sannan ta juya baya ta durƙusa, ta ɗauki mahaifiyarta ta goya.

"Ke! Me kike yi?"

"Inna za ta duba dankali."

"Ajiye ta! Haske zai... Sumire! Ke mara kunya, ajiye ta na ce!"

Rabon da ta ji ya ɗaga murya tun ranar jana'iza. Ba ta waiwaya ba. Ta fita ta kama hanyar gona da ke hawa bayan gida. Tsumma da jarida ne kawai, amma tun kafin rabin hanya nauyin ya fara danne ta, kuma hannun safar nan da ke lilo a kafaɗarta ya zame ya kwanta a wuyanta. Ta ci gaba da hawa. A bakin gona akwai dutsen da mahaifiyarta ke zama tana cin abincin rana. Ta sauke ta a kai, ta jawo ɗankwalin ya rufe mata ido.

Can ƙasa ta ji ƙarar sanda a kan tsakuwa. Ga babanta nan tafe, ya saka hannu ɗaya a rigar, ɗayan yana neman hanya, yana haki yana zagi, yana kiran sunan kakanninta. Ta zaro kyamarar daga aljihu, ta riƙe a hannu, ta danna.

Hoton bai yi kyau ba. Fuska biyu-biyu, sanda kamar guda uku, baki buɗe. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗauki fartanya ta miƙa masa da ya iso, ta ce in sun tono kwando guda za ta gangara gari ta wanko wannan ta aika Osaka, ta gaya wa Yaya ya zo da kansa ranar Asabar, ya taho da takalmin gona.