Takardar Malam Nagode

"Ni dai Baba, ba ni dangwala yatsa ga abin da ban gane ba," in ji Taibatu, tana juya shinkafar da take turarawa.

Malam Nagode, maƙwabcinta na katanga ɗaya a Talata Mafara, yana tsaye bakin zaure da takardunsa a hammata. Wata biyu ke nan yana yawo da su, daga kasuwar Talata har gonakin albasar Bakolori, yana tara hannun masu ƙin dokar nan ta ƙasa da ta ce kowa sai ya shiga inshorar lafiya.

"Ba tilas, ɗiyata," ya ce, ya juya yana jan ƙafa.

Abin ya tsaya wa Taibatu a rai. Mutumin da ya yi shekara ashirin da takwas yana malamin asibiti, wanda har gobe mata ke kawo masa yara cikin zaure ya duba, shi ne zai ƙi dokar lafiya? Ta tambayi masu sayen shinkafarta. Wani ya ce ai Malam caca ya ɗauki inshora. Wata ta ce 'yan siyasa ne suka sa shi. Babu maganar da ta zauna mata, don ta san ko gangamin zaɓe ba ya zuwa.

Ana cikin haka ƙafafunsa suka kumbura, ya daina fita. An kai shi asibiti, aka ce zuciya ce, ya kwana huɗu ya ce a mayar da shi gida. Wata safiya Taibatu ta dama kunun gyaɗa ta shiga. Matarsa, Inna Gimbiya, ta shimfiɗa mata tabarma kusa da gadon. Bayan doguwar gaisuwa, Taibatu ta kasa haƙuri.

"Baba, wai caca ce?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wannan sai malamai. Ni allura na sani."

"To mi ne ne? Ni hwa na yi rajista, ban gaya maka ba. Maganin hawan jinina da katin nike karɓa."

"Kin yi daidai. Ke kina da inda za ki kai katin."

Sai ya ba ta labari. Ƙauyen da ya yi aiki yana can bayan Damaga. Da 'yan bindiga suka matsa, ma'aikata suka gudu, aka sa wa ɗakin shan maganin kwaɗo. Bara ya je ta'aziyyar wata Zahra'u, wadda naƙuda ta kashe a kan babur kafin a isa Maradun. Ya leƙa ta tagar ɗakin shan maganin, ya ga awaki kwance inda yake ajiye gadon haihuwa.

"Mijinta ya ja ni gehe, ya ce, 'Malam, an ce kowa shi yi kati. In na yi, wa za ya duba ni?' Har yau ban ba shi amsa ba."

"Amma an ce talaka kyauta za a duba shi."

"Awo, magana mai kyau. A ina? Su buɗe ƙohwar tukuna, sannan su ce tilas. Abin da na rubuta ke nan."

Taibatu ta ce wa Inna Gimbiya ta miƙo takardar da tawadar. Ta dangwala yatsanta ƙarƙashin na wani makiyayi daga Bakura, ta goge sauran a gefen zanenta.

Ranar Alhamis bayan azahar Malam ya cika, Inna Gimbiya na riƙe da hannunsa. Ɗansa Mas'ud ya kai takardun Gusau kamar yadda mahaifinsa ya yi wasiyya. An karɓa, aka ce za a duba.

Kwana tara da rasuwar, baƙi sun watse, Taibatu na shanya shinkafa a ƙofar gida da hantsi, sai ga wata Bafulatana da goyo, ƙafafunta duk laka. Ta sauke ƙwaryar nono, ta yi sallama a zauren Malam. Shiru. Ta sake.

"Yaron ne ba lahiya, kwana ukku jikinai zahi," ta ce wa Taibatu. "Malam ya hita ne?"

Taibatu ta gaya mata. Matar ta yi salati a hankali, ta zauna a dakalin, ta kwanto yaron ta ɗora a cinya. Taibatu ta shiga ta ɗauko mayafinta da moɗar ruwa, ta ce ta sha su tafi asibiti. Matar ta karɓa, amma ba ta sha ba. Ta tsoma yatsu a ruwan tana shafa wa yaron a goshi, tana duban cikin zauren.