Gurbin Yawan Shanu

Salima ta Jega Firchin ba ta son aikin da ba a tsara ba, ko tukwanen ɗakin girkinta a jere suke bisa girma. Shi ya sa da ƙungiyar makiyaya da manoma ta ba ta aikin rumbun bayanai na rigakafin ciwon huhun shanu, ta zauna ta fayyace wa kwamfuta kowane gurbi na jadawalin dalla-dalla. Gurbin suna, rubutu ne. Gurbin ƙauye, a zaɓa cikin jeri. Gurbin yawan shanu kuwa lamba zalla, ba ya karɓar harafi ko ɗaya. Da waɗannan gurabe ta ɗaura sharaɗin fitar da sunaye: a kawo duk wanda shanunsa suka wuce sifiri, a kai masa allura. Abu ya fita tsaf, har shugaban ƙungiya ya yaba mata a gaban mutane.

Mako biyar bayan an gama zagayen allurar, Sahabi, malamin dabbobin da ya yi rajistar makiyaya da wayar hannu, ya shigo ofis ranar kasuwar Jega, bai ko zauna ba.

"Malama Salima, shanun Baffa Yaro na mutuwa can bayan Mungadi. Ba a yi musu allura ba, wai sunanai bai hito ba. Ni kau da hannuna nir rubuta shi."

Ta buɗe kwamfuta. Ga sunan Yaro, ga ƙauye, gurbin yawan shanu kuwa fayau.

"Don mi ba ka cika nan ba?"

"Na tambaye shi, yac ce alhamdulillahi. Na sake tambaya, yac ce akwai albarka. Bahillace na gaya miki yawan shanunai? Na so in rubuta abin da yac ce, waya ta ƙi karɓa, sai nib bar wurin hakanan."

Kwamfuta ba ta da kara. Gurbin da aka bari babu komai, a wurinta bai wuce sifiri ba, don haka ta tsallake mutumin ba tare da ta ce uffan ba. Kuma Salima ta san wannan ɗabi'a sarai, kakarta ta wajen uwa 'yar ruga ce, ba ta taɓa yarda an ƙidaya mata ko tumaki da yatsa ba. Ta sani, amma ranar da take tsara gurabe karatun makaranta ne a kanta. Ta nemi duk masu gurbi fayau, sunaye talatin da ɗaya suka jeru. Kunya da tsoro suka rufe ta lokaci guda.

Ta gyara sharaɗin cikin minti biyu, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan. Sannan ta hau bayan babur ɗin Sahabi suka kama hanyar Maiyama zuwa Mungadi.

Tun daga nesa suka jiyo tarin shanu. Baffa Yaro, dattijo siriri mai farin gemu, yana tsaye kusa da wata saniya da ta miƙe wuya tana numfashi da ƙyar. Ya sa aka shimfiɗa musu tabarma, matarsa Uwani ta kawo nono a ƙwarya. Salima ta kasa sha.

"Baffa, ni ce sanadi. Ni nit tsara abin da yat tsallake sunanka."

Ya dube ta a natse. "Ke kinka kawo ciwon, ɗiyata?"

"A'a."

"To bar wanga zance. Kin taso tun daga Jega cikin rana, Allah shi saka miki."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ya nuna can gindin wata ƙirya, inda ya ware 'yan maruƙa da shanun da ba su fara tari ba, ya ɗaure su nesa da sauran.

"Waɗanda sunka kamu na bar ma Allah. Waɗancan nika so a yi ma allurar, ko yau ko gobe."

Salima ta waiwayi Sahabi, Sahabi ya sunkuyar da kai. Daidai da jerin da ta fitar aka aiko da maganin, kwalbar ƙarshe kuma tun a Aliero ta ƙare. Dattijon yana tsaye da igiya a hannu, yana jira ta gaya masa wadda zai fara kamowa.