Burgar Baba Issoufou

"Ƙara ja," in ji Baba Issoufou.

Na ƙara jan tsohon rawanin da muke naɗe masa ciki da shi. Cikin ya kumbura kamar salka, sauran jikin kuwa ƙashi ne da fata. Ya dafe bango, ya cije leɓe har na gama ƙulli.

"Wannan ɗaurin zai riga ciwon kashe ka," na ce.

"Kai dai miƙo riga. Ba farar ba, fari yana tona rawayar ido. Miƙo mai ruwan ƙasar nan."

Maƙwabcinmu ne a unguwar Ranuna, katanga ɗaya ta raba tsakar gidanmu da nasa. Mutumin Damagaram ne, ya taso ta ƙasa yana saurayi, ya yi shekaru yana kuku a jiragen ruwa tsakanin Bor Sudan da Adan kafin ya zauna a Madina. A jirgi ya koyi foka, kartar Turawa, a hannun Girkawa. A unguwa ba wanda yake tuna girkinsa. Ɗan caca ake ce masa, ko da yake tun kafin a haife ni ya bar zuba kuɗi, ƙwallon dabino yake zubawa a tabarma. Ni kaɗai nake zama da shi. Na bar makaranta ban gama ta tsakiya ba, na yi dako a kasuwar dabino, na yi yaron mota zuwa Haibar, ba aikin da na riƙe ya ga azumi biyu. Mahaifiyata takan ce sai hali ya zo ɗaya ake abota.

Ranar ce ɗansa Surajo zai zo daga Jidda ya tafi da shi. Ya bugo waya kantin Bayamanen bakin layi ya bar saƙo cewa ya samu gado a babban asibiti, za a yi masa aiki. Amma Baba ya riga ya san abin da ke cikinsa. Ni na raka shi wajen likita a nan Madina. Likitan ya duba hoton, ya ce, "Basiɗa, ya haj, abu ne mai sauƙi," yana ta gyara alƙalamin aljihunsa. Da muka fito Baba ya ce da ni, "Ka ga hannunsa? Mai kati mai kyau ba ya neman abin taɓawa."

Abu ɗaya yake so: ya mutu a Madina a sa shi a maƙabartar Baƙi'a. In ya shiga motar Surajo, a Jidda za a binne shi.

"To ka ce ba ka zuwa mana," na ce ina sa masa maɓalli.

"In ce wa Surajo a'a? Zai tara min Malam Shittu liman da dattawan masallaci, a kawo hadisin neman magani, a ɗauke ni kamar buhun gawayi. Badaru, a gasar da muke yi a jirgi, kowa da tarin ƙwallayensa, wanda nasa suka ƙare ya tashi. In naka sun yi kaɗan ba ka ja-in-ja hannu bayan hannu, da kaɗan-kaɗan za a cinye ka. Jira kake ka zaɓi hannu ɗaya ka zuba duka."

Inna Ƙaltume, ƙanwarsa da ke riƙe masa gida tun rasuwar matarsa, ta shigo da kwalli. Ta rambaɗa masa, ta janyo labule rabi yadda ya umarta. Sai da ta kai bakin ƙofa ta ce, "Allah ya shirye ku, daga tsohon har yaron."

"Amin. A sa man shanu da yawa a miyar."

Ya zauna ya ba wa taga baya, yadda haske zai faɗa a fuskar mai shigowa, tasa ta zauna a inuwa. Ya ce in raba kati.

"Kai fuskarka kasuwa ce, kowa yana ganin abin da aka kasa. Kada ka dube shi, katinka za ka duba. In ya tambaye ka, ka ce na cinye ka. Ba ƙarya ka yi ba."

"Za ka ce masa ka warke?"

"Wanda ya ce ya warke sarai, hannunsa wofi ne, yaro ma ya sani. Ƙorafin gwiwa zan yi. Kuma shi zai fara magana. Mai magana a ƙarshe shi ke da tabarma."

"In bai yarda ba fa?"

Ya jera katinsa a hankali. "Ba a yi wa wawa burga, don ba ya ganin abin tsoro. Ba a yi wa mai zafin zuciya, don zai bi ka ko zai mutu. Wanda ake yi wa burga shi ne wanda dama yake neman dalilin kife katinsa ya janye."

"Surajo yana nema?"

"Za mu gani."

Bayan la'asar muka ji tsayuwar mota da hayaniyar yaran layi. Surajo ya shigo cikin farar riga mai guga, yana ƙamshin turaren kanti. A nan aka haife shi, yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake mayarwa, sai ɗan abin da ya maƙale. Ya sunkuya ya sumbaci kan mahaifinsa.

"Kef halak, ya buya? An ce min ba ka tashi."

"Zauna, bari in gama da wannan ɗan iskan tukuna."

Surajo ya dubi katin, ya dubi ƙofa, kamar mai tsoron wani ya leƙo. Ya zauna a gefen katifa.

Sarki biyu ne a hannuna, hannu mai kyau. Na zuba ƙwallo biyar. Baba ya canja kati ɗaya tak, ya dube shi, ya haɗa da sauran. Sannan ya sa tafin hannunsa ya turo duk tarin da ke gabansa tsakiyar tabarma. Na san wasan kwaikwayo muke yi, amma duk da haka na tsaya lissafi. Mai canja kati ɗaya, ko ya cika jeri ko bai samu komai ba. In ya cika, sarakunana ba su da amfani. Na duba hannunsa, ba ya rawa. Na kife.

Bai taɓa nuna min katinsa ba in na kife. Yakan ce wanda bai biya ba ba ya gani. Ranar sai ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ba a gabana ba, a gaban Surajo. Biyu, biyar, tara, tarkace.

"Ka gani?" ya ce da ɗansa. "Ba komai a hannuna. Zama kawai na gyara. Da ya bi ni, da ya gama da ni."

Surajo ya yi murmushi ya duba agogonsa. "Har yanzu ba ka bar wannan abin ba, ya buya."

Inna Ƙaltume ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuɓewa. Mutumin da kwana da kwanaki ko kunu ba ya zama a cikinsa, ya wanke hannu ya yanki loma. Ya yanki ta biyu. Ina gefensa, ina ganin gumi yana gangarowa ta bayan kunnensa yana shiga wuyan riga. Ya ce gishiri bai ji ba.

Surajo ne ya fara. Ya ce gado yana jira, likitan Bature ne, ya sha wuya kafin ya samu. Ya ce ya shimfiɗa katifa a bayan mota. Baba ya bar shi ya kai aya.

"Gwiwar nan ce ta hana ni zuwa Harami," ya ce. "Ita ce ke ci min rai. Na cikin kuwa, likitan nan ya ce basiɗa. Ko ba haka ya ce ba, Badaru?"

"Haka ya ce," na amsa ina kallon kwano.

"Amma in ka ce mu tafi, Ƙaltume ta ɗaure min kaya. Kai ne babba yanzu."

Na daina tauna. Ya zuba duka.

Surajo ya murza zoben hannunsa. Sai ya fara magana da sauri, rabi da mu rabi da kansa. Zulaiha matarsa ta kusa haihuwa. Mudir, shugabansa a wurin aiki, kwana ɗaya ya ba shi. Hanyar Jidda ta garin Badar da zafin nan ba ta tsoho ba ce. Kuma aikin tiyata a waɗannan shekarun, wa ya sani.

"Ya amma," ya ce da gwaggonsa Inna Ƙaltume, "ke me kika gani?"

"Ga shi nan kana gani da idonka," ta ce, ta kwashe kwanuka ta fita.

"Ɗayyib. To bayan Hajji, in gari ya yi sanyi. In zo da yara ma."

"Yadda ka gani," in ji Baba.

A zaure Surajo ya riƙe min hannu. Makullin mota yana ɗaya hannun nasa, ya riga ya zaro shi.

"Tsakani da Allah, ya Badar, yaya yake?"

"Yau ma ya cinye ni."

Ya yi dariya, dariyar wanda aka sauke wa kaya. Ya ce in zo Jidda ya nema min aiki a tashar jiragen ruwa inda yake aiki, zaman nan ba zai kai ni ko'ina ba.

Baba ya rako shi har bakin ƙofa da ƙafarsa, ba sanda. Ya tsaya yana ɗaga hannu har motar ta karya kwanar kantin Bayamane. Sannan ƙafafun suka saki. Na tare shi, na ja shi ciki, ya amayar da tuwon duka a tsakar gida, da abin da ba tuwo ba. Na kwance rawanin. Ya bar shata a fatarsa kamar an yi masa bulala.

"Ka ci wasan, Baba," na ce. "Ya kife."

Ya daɗe yana mayar da numfashi.

"Ko rigar bai ɗaga ba."

"Ai abin da kake so ke nan."

"Shi nake so." Ya goge baki da bayan hannu. "Har katin na buɗe masa. Yana ƙarami, in na dunƙule alewa a hannu, sai ya ɓanɓare yatsuna ɗaya-ɗaya ya gani. Ko na rantse ba komai."

Bai sake cewa in raba kati ba. Nakan shiga da safe in juya shi, in ɗiga masa zamzam da cokali. Duk motar da ta tsaya a layi sai ya buɗe ido, in ta wuce ya rufe. Dattawan da suka yi shekaru ba su taka zaurensa ba suka fara zuwa dubiya, su tsaya daga ƙofa su ce "Da sauƙi, da sauƙi," su fita suna kaɗe riga.

Ya cika ranar wata Talata da hantsi, Inna Ƙaltume tana masa fifita. Na ruga kantin Bayamane muka buga Jidda, aka ce Surajo yana can cikin tasha, sai an nemo shi. Gawa ba ta jira a zafin Madina. Malam Shittu, limamin masallacin layinmu, shi ya yi wanka. Ina zuba masa ruwa na ji yana ce wa na kusa da shi, "Ikon Allah. Malamai nawa suka roƙi Baƙi'a suka mutu a hanya, ga mai karta ya samu." Na so in kwara masa butar. Na ci gaba da zubawa.

Aka sallace shi a Harami bayan azahar tare da wasu gawarwakin, muka ɗauka a kafaɗa cikin turereniya, aka sa shi, aka mayar da ƙasa.

Surajo ya iso bayan an watse. Inna Ƙaltume ta gaya masa komai, har rawanin, har kwallin. Washegari bayan la'asar, lokacin da ake buɗe maƙabarta, ya same ni a bakin ƙofar Baƙi'a. Rigarsa ta yamutse. Da Hausa ya yi min magana, tiryan-tiryan, ban taɓa jin ta a bakinsa haka ba.

"Na tambaye ka tsakani da Allah. Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Ka tambaye ni da makulli a hannu."

Na zaci zai mare ni, na ma so ya yi. Ya dubi ƙasa.

"Nuna min shi."

Muka shiga. A Baƙi'a ba a rubuta suna, tudun ƙasa ne da baƙin dutse a kai. Na kai shi ɓangaren da muka tsaya jiya. Amma bayan namu an kawo na la'asar, an kawo na asuba, an kawo na azahar ɗin yau. Jerin ya yi tsawo, ma'aikata sun yayyafa wa duka ruwa, ƙasar ta zama iri ɗaya. Na je gaba, na dawo baya. Na tuna akwai katanga a damana, amma katangar tana daman kowa.

"Ɗayan biyun nan ne," na ce. "Ko wannan, ko wannan."

Ya tattare rigarsa ya tsuguna a ɗan tsakanin da ke raba su, ya ɗora hannun dama a kan ɗaya, na hagu a kan ɗayan. Tattabaru suka sauka a bayansa suna tsattsagar jiƙaƙƙiyar ƙasa.