Bakin Baba Direba

Maganar ta iso wa Malama ne ta bakin mai wanki, yana miƙa mata zannuwan gado a ƙofar gida. Wai a shagon aski na bakin titi an gano cewa duk ƙasar da Baba Direba ya ce za ta ci a gasar ƙwallon nan, to ranar sai ta sha kashi. Wai bakinsa ne ya kayar da ƙungiyar ƙasa a wasan farko, ya ja mata canjaras a na biyu. Saura wasa ɗaya, wanda in ba a ci ba sai 'yan wasa su tattaro kayansu su dawo gida. Shi ya sa aka roƙe shi ya yi zamansa a ɗaki.

Baba Direba mijinta ne. Ya yi shekara talatin yana jan bas kafin idonsa ya yi rauni. Yanzu fitarsa ɗaya ce a rana: ya ɗauki sanda ya taka zuwa shagon, ya zauna a kujerar roba da ke dab da talabijin, wadda kowa ya san tasa ce. Kwana uku ke nan bai leƙa waje ba. Ya ce mata gwiwa ce ta motsa.

Malama lissafi ta koyar har ta yi ritaya, kuma "an ce" bai taɓa isarta ba. Akwai jadawalin gasar da maigidan ya yanko daga jarida ya liƙa a bangon falo, kullum da safe yakan matsa hancinsa kusa da takardar ya zagaye ƙasar da ya zaɓa da jan biro. Ta ciro shi, ta zauna da jaridun mako biyu, ta bi wasannin ɗaya bayan ɗaya. Wasa goma sha huɗu. Ya canki takwas daidai, ya kuskure huɗu, biyu an tashi canjaras.

Da hantsin ranar wasan ta naɗe takardar ta nufi shagon. Mai askin tsohon ɗalibinta ne, ana ce masa Koci saboda yadda yake tsara wa 'yan wasa tsayuwa ta cikin talabijin. Ta same shi yana gyara wa mai walda gemu.

"Mama, da kanki? Ai da kin aiko."

"Takwas cikin sha huɗu," ta ce, ta shimfiɗa takardar a kan teburin madubi, tsakanin buroshi da kwalbar turare. "Wannan ne mai mugun bakin naku. Kai nawa ka canka?"

"Ni ai ba na rubutawa, Mama."

"Na sani. Tun kana aji huɗu ba ka rubutawa."

Mai walda ya yi dariya har kumfa ta shiga masa baki.

"To ku gaya mini," ta ce, "wane mara aikin yi ne ya fara wannan shirmen?"

Koci ya ajiye reza. Ya dubi mai walda ta cikin madubi, mai walda ya dubi ƙasa.

"Mama, kada ranki ya ɓaci," in ji mai walda. "Ai ke ce."

Ya tuna mata ranar wasan farko. Baba ya manta tabarau a gida, ta biyo shi da shi, ta tarar yana rantsuwa ci biyu za a yi wa mutanen can kafin hutun rabin lokaci. Sai ta ce, "Ku dai ku yi hankali da shi. Shekara arba'in muna tare, in ya ce yau rana za a ƙwalla, ni shanya nake kwashewa." Shagon ya kece da dariya, har shi Baban. Da yamma aka sha kashi.

"Wasa nake yi," ta ce. Ita kanta ta ji yadda muryarta ta yi sanyi.

"Mu kuma muka ce Mama ba ta magana sai da hujja," in ji Koci. "Kuma ba korarsa muka yi ba. Cewa muka yi ya zo, amma ya faɗi da bakinsa cewa su za su ci mu. Ya ce shi ba zai buɗe baki ya yi wa ƙasarsa wannan ba. Ya ɗauki sandarsa."

"Ga lissafi a gabanka. Je ka kira shi."

"Bayan wasan yau, Mama. Yau ɗin nan ba ta gwaji ba ce."

"In kuma an ci ba ya nan?"

Koci ya koma kan gemun mai walda. Kujerar robar tana gefe, an ɗora mata tarin tawul.

Ta dawo gida a hankali, ta bi doguwar hanya. Ita da ta ƙare aikinta tana hana yara faɗin abin da ba su gwada ba. Kalma biyu ta jefa don a yi dariya, ta juya ta yi tafiyarta, ko tunawa ba ta yi ba.

Da la'asar ya zauna a falo da rediyo a cinya, rigar ƙungiyar tana leƙowa ta wuyan jallabiyarsa. Ta kawo masa shayi ta zauna kusa da shi, abin da ba ta saba yi ba lokacin ƙwallo.

"Malam, yau me ka gani?"

"Ban ga komai ba."

Bai ko tambayi inda jadawalinsa ya shiga ba.

Aka tafi hutu babu ci. Can cikin zagaye na biyu ta kama kanta tana fatan a zura wa ƙasarta ƙwallo, ko ɗaya ce, don a gane zamansa a gida bai hana komai ba. Kunya ta kama ta, ga shi a gefenta yana ta motsa ƙafa kamar shi ke filin.

Saura minti huɗu ihu ya tashi daga bakin titi, tun kafin mai sharhi ya gama jan sunan wanda ya ci wa ƙasarsu. Baba Direba ya miƙe ba sanda, yana tafi, rediyon ta faɗi a kan tabarma. Aka busa tashi. Babura suka cika layi da ƙarar oda.

Sannan ya zauna. Ya daɗe yana goge tabaraunsa da bakin riga.

"Kin gani ko," ya ce. "Yau da ban je ba, an ci. Wataƙila yaran nan suna da gaskiya."

Ta ɗauko rediyon ta kashe.

"Malam, na ƙirga. Cikin wasa sha huɗu ka canki takwas. Bakinka ba ya yin komai. Kuma maganar nan ni na fara ta, ranar da na kai maka tabarau."