Tabarau ɗin Wagi

Shekara hamsin Kebei yana tsallakawa zuwa tsibirin Saibai da kwalekwale. Daga gaɓar ƙauyensu Sigabadu kana hango rufin cocin tsibirin, ƙasar Ostareliya ke nan, amma ba wanda ya taɓa neman fasfonsa. Takardar shugaban ƙauye ta wadatar.

Kwana tara da suka wuce ya kai matarsa Wagi ɗakin shan magani na Saibai, numfashinta yana sarƙewa. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa babban asibitin da ke daura da tsibirin Horn, shi aka ce ya koma gida, takardarsa ba ta kaiwa can. Sai a hanya ya ga tabarau ɗinta cikin kwalekwale. Wagi kuwa in babu tabarau ba ta shaida fuskar kowa.

Ya yi tunani, ai ta ruwa aka hana shi, ba ta sama ba. Ya yi wuni guda yana shan igiyar ruwa har garin Daru, ya shiga filin jirgin sama, ya dire takardar gaban Renagi mai yankan tikiti.

"'Yata, Horn zan je. Da nisa?"

Ta duba na'ura. "Kilomita ɗari da casa'in da biyar, Baba. Bai kai awa ba."

"To saka ni."

"Babu jirgin da ke zuwa. Sai ka je Mosbi, babban birninmu, daga nan Kens a Ostareliya, sannan ka dawo Horn. Ya haura kilomita dubu biyu."

Kebei ya zauna a kan jakarsa. "Wato in ba matata baya in yi gabas, in wuce ta in yi kudu, sannan in juyo?"

"Haka ne."

"Ko ƙaguwa ba ta irin wannan tafiya."

"Ƙaguwa ba ta neman biza, Baba. Ina fasfo?"

Ya tura mata takardar. Ta karanta har ƙasa don girmamawa, ta mayar masa da hannu biyu.

"Wannan ta kwalekwale ce."

Bai yi gardama ba, ƙarfin yin ta ya ƙare a teku. Ya ce ta rubuta masa lambar farko kawai, ta rubuta a bayan wani tsohon tikiti.

Da shi ya naɗe tabarau ɗin ya ba malamar jinya a Saibai, ta sa a jirgin wasiƙu. Ran Juma'a ya sake tsallakowa, malamar ta miƙo masa waya.

"Tsoho," in ji Wagi, muryarta a dishe, "yau na ga likitana. Ashe yarinya ce. Mene ne wannan ɗari da casa'in da biyar?"

"Tsakaninmu ke nan."

"Ashe kusa ne. Yaushe za ka zo?"

Ya dubi gaɓa. Ruwa ya fara janyewa, in ya ƙara jimawa sai ya ja kwalekwale cikin laka.

"Kusa ne," ya ce. "Ki dai ci abinci."