Kunyar Ɗan Fari a Ajin Turanci

Duk Kangire an san Inna Turai da baki. In ta tsaya a bakin famfo tana ba da labari, har mai buga ruwa sai ya sassauta hannu don kada wani abu ya wuce shi. Amma akwai mutum ɗaya da bakin nan bai taɓa ce wa "kai" ba, shi ne Nu'uman, ɗanta na fari.

Ba ƙiyayya ba ce, Allah ya sani. Kunya ce irin ta mutanen da, wadda ta gada wurin uwarta. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Farin Dutse, can ƙasar Gwaram. A can ya girma, ya yi karatu, har ya zama malamin Turanci a Birnin Kudu. In ya zo gaishe ta, sai ta amsa tana kallon ƙwaryar da take wankewa. Sunansa kuwa ko da wasa ba ta kamawa. Yana zaune a gabanta, daga ita sai shi a tsakar gida, za ta dubi rumbu ta ce a gaya masa tuwo yana hucewa.

To ga shi yanzu ya samu ƙarin karatu a Ibadan, da an gama girbin gero zai tafi. Abin da ke cin Turai a rai shi ne yaron nan ya yi nisa bai taɓa ji daga bakinta ba cewa tana farin ciki da shi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ita fuskar ma ba ta bari ya gani. Ta sha shirya maganar a kan sallaya, da ta ji sallamarsa sai harshe ya yi mata nauyi.

Ana nan sai Malama Khairiyya, mai koyar da ajin matan aure bayan la'asar, ta haihu ta tafi wankan gida. Turai tana cikin ɗaliban ajin, don ta gaji da yawo da kwalbar maganin awaki gida gida tana neman mai karanta mata. Ranar da sabon malami ya yi sallama a ƙofar aji, sai ga Nu'uman da alli a hannu. Turai ta fara lalubar takalmanta da ƙafa. Zulaiha mai ƙosai, aminiyarta tun suna 'yan mata, ta danne mata gefen mayafi, ta raɗa mata cewa in ta fita, gobe duk gari za a ce uwar malami ta gudu daga makaranta. Dole ta zauna.

Darasin kuwa a kan ni da kai da shi da ita ne. Nu'uman ya rubuta I am, you are, he is, she is. Ya ce amma a bakin masu yaren ba a jan su haka, haɗe su ake yi, kamar maƙwabta biyu da suka rushe katangar tsakaninsu: I'm, you're, he's, she's. In kuma abin sai nan gaba ne, a ce I'll, you'll. Zulaiha ta ce ashe Bature ma marowaci ne, harafi ɗaya ma sai ya haɗiye abinsa. Aji ya yi dariya, har da malamin.

Sai aka zo gwaji. Kowace mace za ta miƙe, ta dubi malam, ta ce, "You're my teacher." Aka bi layi har kan Turai. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta juya ta fuskanci Zulaiha sosai, ta ce, "He's my teacher."

Nu'uman bai ko ƙifta ido ba. Ya juya shi ma ya fuskanci allo, ya ce, "A gaya mata jimlarta ta yi daidai, amsar ce ba ta yi ba."

Ranar sai da wata ta faɗo daga benci don dariya. Daga nan Turai ta zama gwanar he's a ajin nan, babu mai kama ƙafarta. He's coming, he's going, he's eating, duk tana zuba su kamar karatun Fatiha. Amma da an zo kan you're sai tari ya kama ta. Kafin a jima matan unguwa sun sa mata suna Inna Hiz, tana kai musu duka da mafici, ita ma tana dariya. Dariyar dai ta fatar baki ce, don gero ya riga ya shiga rumbu, tafiya ta matso.

Wata safiya suna sussuka ita da Zulaiha, Turai ta shiga zagin Turanci. Ta ce ita ba ta taɓa ganin yare marar kunya irinsa ba. Babu kai, babu ke, babu ku na girmamawa. Da limamin gari da jaririn goye da akuya, duk you ne.

Zulaiha ta ce, "To ai kin huta. Marigayiya uwarki ta hana ki ce masa kai. Kin taɓa jin ta hana ki ce masa you?"

Turai ta tsaya da taɓarya a sama. Ta bi duk hane-hanen uwarta ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu wannan a ciki ba.

Da yamma ta shiga garken awaki ta fara gwaji da bunsuru, don shi ba ya kai labari bakin famfo. Tana cikin gaya masa, "You're my son," sai ga mai gidanta, Malam Barau, ya dawo daga gona. Shi ma ya ɗan taɓa boko a zamaninsa. Ya tsaya ya dubi bunsurun, ya dube ta, ya ce shekara da shekaru suna tare, bai san suna da ɗa mai ƙaho ba sai yau. Ta ce ya wuce ya sha furarsa, karatu ake yi.

Ranar tafiya ta ce za ta shiga Birnin Kudu sayen maganin awaki, alhali kwalba tana nan cike a kan taga. Ta ja Zulaiha suka tafi. A tasha aka ɗaure jakar Nu'uman a bayan motar Kano, inda zai sake wata zuwa Ibadan. Ya zo ya durƙusa a gabanta kamar kullum, kansa a ƙasa, yana jiran ta gaya wa Zulaiha ta gaya masa Allah ya kiyaye hanya.

Saƙon bai zo ba. Ya ɗago kai, sai ya ga idonta a cikin nasa. Wannan karon ba ta kau da kai ba.

"You're my son," ta ce. "I'm happy. You'll come back."

Nu'uman, malamin Turanci guda, ya nemi Turancin ya rasa. Hawaye ya zubo masa har kan gemu, yana dariya yana share shi da hularsa. Daɗi ya kama Turai har ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce da Zulaiha ta gaya masa ya tashi, direba yana jira.

Bai tashi ba. Ya dubi Zulaiha ya ce, "Baba Zulaiha, ki gaya mata tasha akwai hayaniya, malam bai ji sosai ba. Ta maimaita."

Zulaiha ta ce ita yau ta ajiye aikin ɗan aike, kowa ya isar da saƙonsa da kansa.

Turai ta sauke mayafin. Da muryar nan da duk Kangire ta sani, wadda ake ji daga famfo har masallaci, ta sake faɗa masa, "You're my son." Masu kamasho da ke gefen mota ba su san abin da aka ce ba, sai suka ɗauka addu'a ce, suka shafa suka amsa da amin.